Ɗigon Huhuna Da Wainar Mama

Assalamu alaikum, jama'ata masu bibiyar labarin nan. Waɗanda kuka cika min waya da "Mubina, wai da gaske ne abin da muke ji?", ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita, don labarin da ke yawo a Tunga ya yi ƙiba har ni kaina ban gane shi ba. Sababbin zuwa kuma, sannunku da zuwa. Sunana Mubina, shekarata ashirin da shida, tela ce ni, ɗinkin mata nake yi a ɗan shagona da ke Tunga a nan Minna. An sa ranar aurena da Umar Faruk bayan Babbar Sallah, kuma wannan ranar ce ta nemi kuɓuce min saboda abin da bai fi ƙwayar dawa ba.

Keke napep ne ya jawo komai. Na taso daga kasuwa da ledar zare da leshin wata amarya a cinyata, sai wani mai babur ya yanko gabanmu, direbanmu ya take birki, ƙirjina ya daki ƙarfen da ke bayan kujerarsa. Ban faɗi ba, ko ɗankwalina bai zame ba, har na tsaya na wanke mai babur ɗin tas kafin na wuce gida. Sai washegari na ji in na ja numfashi kamar ana soka min allurar ɗinki a haƙarƙari. Mama ta ce in tashi mu je asibiti.

Aka ɗauki hoton ƙirji na farko, likitan ya ce bai gamsu ba, a yi babban hoton nan da ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura mai rami, wanda suke ce wa siti sikan. Na shiga na fito, ba zafi ba komai. Likitan, Dakta Ndaceko, wani Banufe dogo mai magana a hankali, ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa.

"Haƙarƙarinki bai karye ba, buguwa ce kawai, za ta sake ki," in ji shi. "Amma muna duba haƙarƙarin sai muka ci karo da wannan."

Ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin ɗigo a huhuna na dama. Wallahi da bai nuna ba, da na ɗauka ƙura ce a kan gilashin.

"Mene ne shi?" na tambaya.

"Ɗan ƙullutu ne, milimita huɗu. Ba buguwar ce ta kawo shi ba, ya daɗe a wurin, ba ki dai taɓa shiga na'urar da za ta gan shi ba. Kullum muna ganin irinsa. Mutum ya zo don haɗari ko ciwon ciki, a ɗauki hoto, sai ga shi. Yawancinsu tabo ne na wata cuta da ta taɓa shiga huhu, jiki ya yaƙe ta ya gama, mai jikin ma bai sani ba."

Ni ba na son kwana-kwana. Na ce, "Likita, ciwon daji ne?"

Mama ta dafe ƙirji ta saki salati.

"A shekarunki, ba ki shan taba, ba ki tari, ba ki rame ba, ga shi ƙarami, gefensa sumul, cikin mutum ɗari masu irin naki da wuya a samu ko ɗaya da zai zama wannan ciwon. Ba zan yanka shi ba, ba zan ba ki magani a kansa ba. Za mu gwada kakinki don mu cire zancen tarin tibi, sannan ki dawo baɗi war haka mu sake hoto. In yana nan yadda yake, mun manta da shi."

Na fito hankalina kwance. Gwajin kakin ma da ya fito, babu komai. Amma Mama, cikin duk bayanin nan, kalma biyu kawai ta ɗauko ta taho da su gida, "ciwon daji", alhali daga bakina suka fito ba daga bakin likita ba.

Muna shiga gida ta ja ni ɗakinta, ta saki labule, ta rage murya sai ka ce surukan suna cikin sif.

"Ki buɗe kunnenki da kyau. Maganar nan kada ta je gidan su Faruk. Ko shi ma kada ya ji sai an ɗaura."

"Haba Mama. Abin da likita ya ce ba komai ba ne, me zan ɓoye?"

"Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba. Dangin miji in suka ji an ce huhu, an ce asibiti, ba sa tsayawa jin milimita."

A nan kam ta fi ni sanin duniya, na yarda. Amma ni ba zan shiga gidan mutum da ɓoyayyen abu a ƙirjina ba, komai ƙanƙantarsa. A lokacin Faruk yana Kontagora, don sana'arsa haɗa sola ce, sun samu aikin wata makaranta a can. Na ce wa Mama ba zan faɗa masa a waya ba, amma ranar da ya dawo ya zo zance zan zaunar da shi in yi masa bayani tiryan-tiryan. Na ɗauka mun gama.

Ashe Mama tana da nata lissafin. A wurinta, ɓoye wa surukai daban, neman addu'a daban. Ranar Alhamis na ga an jiƙa shinkafa a babban baho. Da safiyar Juma'a ƙamshin waina ne ya tashe ni. Na fito na tarar da tanda biyu a kan wuta, Mama ta ɗaura zani a ƙirji tana juya waina da tsinke, miyar taushe na tafasa a gefe.

"Mama, suna ake yi?"

"Sadaka ce. Allah Ya kai ladan inda ya dace."

To, ku da kuka tashi a unguwa irin tamu kun san yadda sadakar waina take. Ba a ajiye kwano a ƙofar gida a juya. Dole a shiga, a gaisa, a ce ga sadaka, a sa wance a addu'a. Matar gida kuma dole ta ce, "Subhanallahi, me ya same ta?" Mama da kanta ta yafa mayafi ta bi gidaje, wai aike ba ya isar da saƙo yadda ya kamata. Kafin a sauko daga masallaci ɗigona ya zama ƙari, kafin la'asar ƙarin ya cinye huhu ɗaya. Da yamma mata suka fara shigowa dubiya da lemu da ayaba, su tarar da ni a kan keken ɗinki ina take leshi, su ce, "Wayyo, ki huta mana." Wata da nake yi wa ɗinki ta bugo tana tambaya a hankali ko ta zo ta karɓi atamfarta, kada ta ɗora min wahala.

Da na yi magana, Mama ta ce, "Ni fa ban gaya wa surukai ba. Maƙwabta na gaya wa."

Cikin maƙwabtan akwai Maman Dorothy, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu. Mutuniyar Kuta ce, 'yar Gbagyi, tun ina zanin goyo take ɗaukata. In Kirsimeti ta zo shinkafarta ce abincin gidanmu, in Sallah ta zo namanmu nasu ne. Da ta ji, ta shigo ta rungume ni tana kuka, ta ce za ta kai sunana wurin matan cocinsu su yi min addu'a. Na ce na gode, amma lafiyata lau. Ta kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai ƙarfin hali.

Abin da Mama ta manta shi ne sana'ar Maman Dorothy. Doya take sarowa daga gonakin 'yan uwanta a Kuta tana kai wa masu sayar da abinci. Babbar mai sayenta kuwa ita ce Hajiya Azumi ta unguwar Sauka Kahuta, mai sakwara da miyar agushi, wato mahaifiyar Faruk. Hajiya, a yafe min kama suna, don masu karatu ne.

Maman Dorothy da bakinta ta ba ni labarin daga baya. Ranar Asabar ta kai doya, ta sauke, ta share gumi, ta ce da zuciya ɗaya:

"Sannu Hajiya. Yaya jikin amarya namu? Kar ka damu, Allah zai warkar da shi, mun sa shi a addu'a."

Hajiya ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Wace amaryar?"

Washegari da hantsi sai ga Baffa Sanda, ƙanin marigayi mahaifin Faruk, da babbar riga da carbi, ya zauna da Baba a falo. Ina kicin amma kunnena yana wurinsu. Bayan doguwar gaisuwa da zancen damina da tsadar taki, ya ce an aiko shi ne a kan a ɗan ɗaga ranar, "har a ga abin da Allah zai yi." Ya ƙara da cewa abin da ya fi ɓata wa Hajiya rai shi ne a bakin mai doya ta ji. Baba ya ce zai yi shawara da iyali. Mama ta shige ɗaki ta yi ta kuka tana cewa bakin duniya ne ya kama ni. Ni kuwa na tsaya ina kallon tandar da ke kife a tsakar gida.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro. Ba tsoron ɗigon ba. Kowa ya san ranar auren da aka ɗaga "har a gani", sau da yawa ba a sake saukar da ita. Kuma ina son Faruk, so na gaske, tun ranar da ya zo haɗa min sola a shago ya ƙi tafiya wai yana gwada fanka.

Sai saƙonninsa suka fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya.

"Mubina me ya sa ba ki faɗa min ba"

"Na kasa cin abinci"

"Ko wata ɗaya ya rage miki a duniya wallahi ni zan aure ki"

"Ina hanya"

Na leƙa sitatus ɗinsa, ya sa baƙin hoto da addu'ar mara lafiya da alamar karyayyiyar zuciya. Wata ɗaya! Ni da na share kwanon wainar sadakata ni kaɗai har da siɗe miya. Na rubuta masa, "Cire sitatus ɗin nan kafin ka iso, in ba haka ba kada ka iso." Ya cire.

Da la'asar na yi wanka, na ɗauko sabuwar atamfata ruwan zuma mai koren ganye, riga da siket da na ɗinka wa kaina, hannun rigar mai tattara. Na kafa ɗauri, na zizara kwalli, na shafa jan baki, na turara mayafina da turaren wuta. Na kalli madubi na ce, in wannan ce mai wata ɗaya, to masu shekara hamsin a gaba su zo su koyi kwalliya.

Na same shi a falon Baba. Ko gida bai biya ba, ƙurar hanya a takalminsa, idanunsa jajir. A gabansa leda cike da zuma da dabino da man habbatus sauda. Ya miƙe da sauri zai gyara min matashin kujera.

"Zauna a hankali," in ji shi.

"Faruk, ni ba ƙwai ba ce."

"Kada ki damu da maganar Hajiya. Na gama shawara. Zan samu Baffa, a ɗaura Juma'ar nan mai zuwa, ba biki ba taro. Duk abin da ya rage mana mu yi shi tare. Ni na ɗauki wannan jarrabawa ce, kuma ina sa ran lada."

Jama'a, kun ji? Lada. Na san da yawa cikinku za ku ce, wayyo, ga namiji ɗan halak. Ni ma da a fim na gani da na share hawaye. Amma a kujerar nan jikina ne ya yi sanyi. Mahaifiyarsa tana so a ɗaga rana don tana ganin mutuwa zan yi, shi yana so a matso da ita don yana ganin mutuwa zan yi. Duk cikinsu babu wanda ya tambaye ni me likita ya ce.

"Ka gama?" na ce.

"Mubina..."

"In lada kake nema, ga masallacin unguwarmu can ba sola, je ka haɗa musu. Ni ba sadaka ba ce. Aurena a ranar da aka sa za a yi shi, da kamu da walima da ankon da na riga na yanka wa ƙawayena, don da lafiyata zan shiga gidanka."

Na yi masa bayanin likita kaf, girman abin, da yadda aka gan shi, da gwajin kakin. Yana ji yana gyaɗa kai, amma na lura da idonsa, irin na Maman Dorothy ne, wai ƙarfafa masa gwiwa nake yi. A nan na gane bakina ba zai wanke ni ba ko a wurinsa, balle a wurin Hajiya.

"To ga abin da za a yi," na ce. "Kai da Hajiya za ku bi ni wurin likitan. Ta tambaye shi duk abin da take so da bakinta."

Ya zaro ido. "Hajiya? Ke da ko ido ba kwa haɗawa? Ta yaya zan ce mata surukarta na kiranta asibiti?"

Ya yi gaskiya. A al'ada ni da Hajiya sai dai in hango ta in sauya hanya, in kuma ta kama dole in durƙusa in gaishe ta kaina a ƙasa. Yarinyar da ba a ɗaura wa aure ba ta aika wa uwar miji kira, ai sai a ce ba ta da kunya. Na ce masa ya bar min wannan, ya tafi gida ya ci abinci.

Yana fita Mama ta faɗo falon, ashe tana bayan labule tun farko.

"Mubina, kanki ɗaya kuwa? Yaro ya ce a ɗaura Juma'a, ki ce a'a? Ki yarda a ɗaura kafin uwarsa ta juya masa tunani! In an ɗaura ai an ɗaura."

"Mama, in aka ɗaura haka, har in tsufa a gidan nan ni ce wadda aka taimaka wa. In na yi atishawa a ce ciwon ne ya tashi. In muka saɓa ya ce ai don Allah ya ɗauke ni."

"To in suka fasa gaba ɗaya fa?"

Tambayar ta soke ni, don ni ma ita nake yi wa kaina. Amma na ce, "In suka ji gaskiya daga bakin likita suka fasa, to dama ba gidana ba ne."

Baba, da yake tsakar gida yana alwala, ya ce, "Ki bar ta ta gwada. Ke ai kin gwada naki, mun ci waina." Mama ta yi tsaki ta koma ɗaki.

Da safe na leƙa ta katanga na kira Maman Dorothy, don ita ba ruwanta da kunyar surukai. Ta zo tana murza hannu, ta riga ta ji ɓarnar da gaisuwarta ta yi.

"Mubina, yi haƙuri. Ni ban sani ba Hajiya bai sani ba."

"Na sani, Maman Dorothy. Amma tunda ke kika kai labarin, ke za ki kai gyaransa. Ki ce mata ina gaishe ta, ina roƙon ta daure ta zo ta ji daga bakin likita, kada ta yanke hukunci da bakin unguwa."

Ta gyara ɗaurin zaninta. "Bari kawai. Shekara nawa ina kai masa doya? Ko a kafaɗa ne zan ɗauko shi."

Ban san me ta faɗa mata ba. Na dai san da yamma Faruk ya turo, "Hajiya ta ce za ta je!!!"

Mama ta so ta bi mu, na ce ta zauna, surukai biyu a ofis ɗaya ba za a ji likita ba. Ranar na sa doguwar riga ruwan toka da babban hijabi har ƙasa, ba jan baki, kwalli kawai. Na same su a bencin jira. Hajiya tana sanye da farin leshi da mayafi ruwan goro, jakarta a cinya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice tana ƙare min kallo, ina jin tana neman inda ciwon ya fara cina. Ni ma na saci kallonta, don rabona da ganinta a kusa tun wani biki bara. Na ga leshin ya yi mata yawa a kafaɗa, idon tela ba ya kuskure wannan.

Dakta Ndaceko ya karɓe mu, ya tambaye ni ko na yarda ya yi maganar lafiyata a gabansu. Na ce don haka na kawo su. Ya juyo da kwamfutar ya nuna ɗigon. Faruk ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Wannan ne?" ya ce. "Wannan ɗan abin?"

"Shi ne."

Ya juyo ya kalle ni, kunya ta kama shi. Na ɗauke kai, a raina na ce, adana zumar, ma sha da shayi.

Hajiya kuwa ba hoton take kallo ba, likitan take kallo.

"Likita, ni ban yi boko ba, amma abinci nake sayarwa, na san mai faɗin gaskiya na san mai lallashi. Yarinyar nan za ta rayu?"

"Rai na Allah ne, Hajiya. Amma in don wannan ɗigon ne, ban ga abin da zai hana ta tsufa ba."

"Za ta haihu?"

"Ba ruwansa da haihuwa."

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Mun gwada ta, ba ta da tarin tibi."

"To in ba komai ba ne, me ya sa ka ce ta dawo baɗi?"

A raina na ce, kai, matar nan da ta yi boko da lauya za ta zama. Likitan ma sai da ya yi murmushi.

"Don mugun ƙari ba ya zama wuri ɗaya, girma yake yi. Tabo kuwa yadda aka bar shi haka za a same shi. Hoto na biyu shi ne shaidarmu. A gaskiya irin nata, da ƙanƙantarsa da ƙuruciyarta, wasu likitocin ma ba za su ce ta dawo ba. Ni na fi son in sake gani da idona, kowa ya huta."

Hajiya ta murza hannun jakarta. Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To wane iri ne yake ba ku tsoro?"

"Wanda ya yi girma, ya kai ƙwayar gyaɗa ko ya fi. Wanda gefensa yake da tsini-tsini maimakon sumul. Wanda muka sake hoto muka ga ya ƙaru. Sannan muna duba mai shi. In ya manyanta, in ya daɗe yana shan taba ko yana shaƙar hayaƙi, in an taɓa yin ciwon a danginsa. Balle in yana tarin da ya ƙi tafiya, ko yana ramewa ba dalili, ko yana ganin jini a kaki. Wannan ba ma ce masa sai baɗi, a ranar muke fara bincike."

"Har hayaƙin icce?"

"In shekaru ne masu yawa, har shi."

Hajiya ta buɗe jakarta ta rufe, ba ta ɗauki komai ba. Sannan ta juya wurin ɗanta.

"Faruku, fita ka kira Baffanka. Ka ce masa rana tana nan inda aka sa ta, ya je ya ba iyayen yarinya haƙuri."

Wayyo daɗi! Ba don kunyar suruka ba, da na rangaɗa guɗa a ofishin nan. Faruk ya miƙe yana washe baki, yana "Na gode Hajiya, Allah Ya ƙara girma," ya fice da waya a kunne. Na yunƙura zan bi bayansa, sai na ji an riƙe min wuyan hannu ta cikin hijabi. Yatsun sirara ne, amma riƙon da ƙarfi.

"Ke zauna."

Na zauna. Abin da ya biyo baya, sai da ta ba ni izini kafin na rubuta muku shi.

Ta jira har ƙofar ta rufe. Ta kalli likitan, muryar nan tata da take tsawata wa masu daka mata sakwara ta koma ƙasa-ƙasa.

"Likita, tun ina goyon Faruku nake tsaye a bakin murhu. Tari ya kama ni tun kafin azumi, na sha jiƙe-jiƙe, na sha na kemis, ya ƙi. Zannuwana duk sun yi min yawa. Kwanan nan kuma in na yi shi da asuba, ina ganin jini. Da mai doya ta ce min huhu, wallahi gabana faɗuwa biyu ya yi. Cewa na yi, in ita ta kwanta, ni ma na kwanta, wa zai riƙe min yaron nan?"

Dakta Ndaceko ya ajiye biron. Ya ce ba zai sa wa abin suna ba sai an bincika. Yana iya zama tarin tibi, wanda ake warkewa sarai da magani, yana iya zama wani abin, amma yau ɗin nan za a karɓi kakinta a ɗauki hoto, ba gobe ba.

Hajiya ta juyo gare ni. Karon farko ke nan da muka haɗa ido.

"Faruku ba zai iya ba, kin ga yadda ya yi a kan ɗan ɗigonki. Ke kuwa na ga ba ki da tsoro. Na'urar nan da aka sa ki, mai ramin, da zafi?"

"Babu zafi, Hajiya. Kwanciya kawai za ki yi, a ce ki riƙe numfashi, shi ke nan."

"Za ki tsaya a kusa?"

"Ina bakin ƙofa har ki fito."

Ta gyaɗa kai. Ta taga ina hango Faruk a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, waya a kunne, yana dariya yana ɗaga hannu sama, yana sanar da dangi rana ta dawo. Hannun mahaifiyarsa kuwa yana kan nawa. Na ɗora ɗaya hannun nawa a kai, muka tashi tare.